Ɗura Harsashi da Hannu da Matsalar Awo: Nazari a kan Harsashin Farauta na 8×60 S

Tsakure

Wannan takarda ta duba al'adar ɗura harsashi da hannu a tsakanin mafarautan Turai, ta hanyar bin diddigin harsashi guda da masana'antu suka kusa daina yinsa, wato 8×60 S na ƙasar Jamus. Abin da take neman tabbatarwa shi ne cewa ɗurin hannu halastacciyar hanya ce ta ci gaba da amfani da tsofaffin bindigogi masu lafiya, amma halascinsa ya rataya ne kacokan a kan awo. Mai ɗura wa kansa harsashi ya fita daga inuwar tabbacin da masana'anta da hukumar gwaji suke ba kowane mai saye, don haka wajibinsa ne ya sake gina wannan tabbaci da ma'auni, da littattafan da aka gwada abin da ke cikinsu, da kuma gidajen gwaji.

Gabatarwa

Harsashin bindigar farauta ta zamani abu huɗu ne a haɗe. Akwai kwanso na tagulla, akwai albarushi marar hayaƙi a cikinsa, akwai 'yar ƙyastu a gindinsa wadda allurar bindiga ke duka ta tayar da wuta, sannan akwai ƙwayar da ke fita ta bututu ta sami dabba. Idan aka harba, uku daga cikinsu sun tafi ke nan, kwanso kaɗai ke saura, kuma shi ne ya fi sauran tsada da wuyar ƙerawa. Daga nan al'adar ɗurin hannu ta samo tushe: a tsince kwanso, a matse shi a mazubin ƙarfe ya koma siffarsa ta farko, a sa masa sabuwar ƙyastu, a auna albarushi a sikeli a zuba, a dasa sabuwar ƙwaya. Mafi yawan masu yin haka suna yi ne don rage kuɗi ko don neman daidaiton saiti a harsasan da ke cike da kantuna. Akwai kuma wani rukuni da ba su da zaɓi sosai, domin bindigar da ke hannunsu tana cin harsashin da kanti ba ya ajiyewa. Su ne abin nazarin wannan takarda, kuma na zaɓi 8×60 S ne saboda tarihinsa ya tattara kusan dukan tarkunan da ke jiran irin waɗannan mutane.

Yadda suna ɗaya ya rufe abubuwa da yawa

Ba a fahimtar 8×60 sai an koma ga uwarsa, wato harsashin soja na 8×57. Jamus ta karɓe shi a shekarar 1888 tare da bindigar Gewehr 88, shekara huɗu bayan Paul Vieille ya samar da albarushi marar hayaƙi a Faransa, shekara biyu kuma bayan Faransawa sun sa shi a bindigarsu ta Lebel. Ƙwayar wancan harsashi na farko mai dunƙulallen kai ce, nauyinta kimanin giram 14.7, kaurinta kimanin milimita 8.08. Tsakanin 1903 da 1905 sojojin Jamus suka sauya ta da wata mai tsini, marar nauyi, giram 9.9, wadda kaurinta ya kai milimita 8.20, suka yi mata alama da harafin S. Bambancin kaurin bai wuce kashi 12 cikin ɗari na milimita ɗaya ba, ido ba ya ganinsa, amma ya isa ya sa sojoji su buɗa wuyan ɗakin harsashi na tsofaffin bindigoginsu, su buga musu harafin S don a san an gyara su. Maƙeran bindigogin farauta na Suhl da Zella-Mehlis ba su bi soja gaba ɗaya ba. Da yawansu sun ci gaba da huda bututu a kan tsohon awo har zuwa ƙarshen shekarun 1930, saboda haka aka wayi gari da bututu iri biyu da kowa ke kira mai milimita takwas: matsattse, wanda ake yi wa alama da I ko J, da kuma mai faɗi, wanda ake rubuta wa IS ko JS.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙara wa lamarin wani ƙulli. Yarjejeniyar Versailles ta 28 ga Yuni 1919 ta taƙaita sojan Jamus ga mutum 100,000, ta kuma ƙayyade yawan bindigogi da harsasan da za a bar musu. Sakamakon haka harsashin soja ya zama abin da farar hula ba zai yi mu'amala da shi cikin sauƙi ba, alhali ƙasar cike take da bindigogin Mauser 98 masu cin sa. Mafitar da aka samu mai arha ce ƙwarai. Maƙeri zai zura abin huda a ɗakin harsashi ya ƙara masa tsawon milimita 3, kafaɗar ɗakin ta matsa gaba, bindigar ta tashi daga 8×57 ta koma 8×60, wanda babu rundunar da ke amfani da shi. Ba a sauya bututun ba, ba a taɓa sakatar ba, ma'ajiyar harsasai ma ta ɗauki sabon ba tare da wani babban gyara ba. Ɗan ƙarin wurin albarushin da aka samu ya ba shi fifiko kaɗan a gudu, har kamfanin Mauser na Oberndorf da masana'antun Brno da na Beljiyam suka riƙa ƙera sababbin bindigogi a kansa. A Faransa ya sami rayuwa ta biyu, domin dokar 18 ga Afrilu 1939 ta sa harsasan soja a rukunin kayan yaƙi, mafarauta suka koma ga irin su 8×60 S da 8×64 S da 7×64 na Wilhelm Brenneke. Da Faransa ta sake tsarin dokar makamanta a 2013 ta buɗe wa mafarauta ƙofar 8×57 IS da .30-06 da .308 Winchester, dalilin ƙarshe da ke riƙe da 8×60 S a kasuwa ya gushe. Yau kamfanoni ƙalilan ne ke yinsa, irin su Prvi Partizan na Užice a ƙasar Sabiya, kuma da nau'in ƙwaya ɗaya ko biyu kawai.

Abin lura a wannan tarihi shi ne cewa tsawaita ɗaki bai sauya faɗin bututu ba. Bindigar da ta shiga hannun maƙeri da matsattsen bututu ta fito da matsattsen bututu. Don haka akwai 8×60 mai ƙwayar milimita 8.08, akwai 8×60 S mai ƙwayar 8.20, kuma kowannensu yana da ɗan'uwa mai leɓe a gindi da aka yi wa bindigogi masu karyewa, irin masu baki biyu ko uku, waɗanda ba sa jure matsi kamar bindiga mai sakata. Harsasai huɗu ke nan da lambobi iri ɗaya. Ga shi kuma ba kowace bindigar da aka tsawaita wa ɗaki ba ce aka sauya wa rubutun da ke jikinta, sai a iske bututu yana cewa 8×57 alhali ɗakinsa 8×60 ne. Idan aka sa gajeren harsashi a dogon ɗaki, ƙugiyar sakatar Mauser na iya riƙe shi daidai yadda allura za ta same shi, ya tashi ba tare da kafaɗarsa ta jingina da komai ba, kwanson ya miƙe fiye da ƙima, wani lokaci ya tsinke kusa da gindi, iska mai zafi ta dawo wajen fuskar mai harbi. Tambarin gidajen gwaji na da ma ba ya warware wannan ruɗani yadda ake zato. Lambar 7,8 ko 7,9 da ake gani a ƙasan tsofaffin bututun Jamus awon sandar da ta shige tsakanin tudun zanen ciki ne, ba ta faɗin zurfin kwarin zanen, wanda shi ne ke nuna kaurin ƙwayar da ta dace.

A nan ne hujjar wannan takarda ta fara tsayuwa da ƙafarta. Rubutun da ke jikin bindiga mai shekara tamanin ko ɗari da'awa ce ta wanda ya buga shi a lokacin da ya buga shi, kuma bindigar ta ratsa hannaye da yawa bayan haka. Gani ya kori ji. Hanyoyin ganin kuwa sanannu ne, ba su da tsada. Ana tura ɗan curin dalma mai taushi ta cikin bututu daga farko zuwa ƙarshe, a auna shi da maikiromita, a san faɗin kwarin zane. Ana zuba wani gaurayen ƙarfe mai narkewa a zafin da bai kai na tafasasshen ruwa ba a cikin ɗakin harsashi, ya daskare, a fitar da shi ya ba da siffar ɗakin gaba ɗaya: tsawonsa, wurin kafaɗarsa, da faɗin wuyansa. Wannan na ƙarshe ya fi komai muhimmanci, ko da yake an fi yawan magana a kan faɗin bututu. Ƙwaya mai ɗan kauri tana iya matsewa ta bi bututu da ƙarin matsi, amma idan wuyan ɗaki ya matse wuyan kwanso har ya kasa buɗewa ya saki ƙwayar, matsin yana hawa ne farat ɗaya, kafin ƙwayar ta motsa ta ba iska wuri.

Abin da masana'anta ke sayarwa, da abin da mai ɗurin hannu ya rasa

Wanda ya sayi kwalin harsashi a Turai yana sayen wani tabbaci da ba ya gani. Tun 1914 aka kafa hukumar ƙasa da ƙasa ta gwajin ƙananan makamai, wadda aka fi sani da C.I.P., a birnin Liège, aka sabunta yarjejeniyarta a 1969, kuma yau tana da ƙasashe 14. Ita ke fitar da jadawalin da ya ƙayyade mafi girman awon kowane harsashi, da mafi ƙanƙantar awon ɗakinsa, da iyakar matsin da aka yarda ya haifar. A ƙasashen da ke cikinta wannan doka ce. Kowace sabuwar bindiga sai ta bi ta gidan gwaji, irin na Ulm ko Suhl ko Ferlach ko Saint-Étienne ko Birmingham, a harba mata harsasan gwaji da matsinsu ya ɗara iyaka da kashi 25 cikin ɗari, kafin a buga mata tambari. Harsasan sayarwa su ma ana gwada su a bututu na musamman mai na'urar auna matsi. Iyakar 8×57 IS a jadawalin bar 3,900 ce, ta 8×60 S kuma bar 4,050.

Kwatanta wannan da abin da ya faru a Amurka yana koyar da darasi mai amfani. Ƙungiyar masana'antun makamai ta can, SAAMI, wadda aka kafa a 1926, ta sa iyakar harsashin 8×57 a kimanin bar 2,400 kawai, ƙasa da kashi biyu cikin uku na iyakar Turai. Dalili shi ne Amurka ta cika da bindigogin Jamus da sojoji suka komo da su daga yaƙi, wasu matsattsu, wasu masu faɗi, wasu tsofaffin Gewehr 88, kuma masana'anta ba ta da hanyar sanin wace ce harsashinta zai faɗa. Sai ta yi ɗurin da ko ya shiga mafi raunin cikinsu ba zai yi ɓarna ba. Wannan shi ne halin masana'anta a ko'ina: tana yi wa bindigar da ba ta taɓa gani ba ɗuri. Mai ɗurin hannu yana da fifiko guda tak a kanta, wato yana yi wa bindiga ɗaya aiki, kuma tana gabansa. Ba shi da bututun gwaji, ba shi da injiniyoyi, ba shi da albarushin da aka haɗa musamman don harsashinsa. Idan bai auna bindigar da ke gabansa ba, ya zubar da fifikon nan guda, ya zama ƙaramar masana'anta marar ɗakin gwaji, wanda shi ne mafi munin matsayi.

Matsalar kwanso tana ƙara nuna haka. Kwanson 8×57 ya yi gajarta, ba a miƙa shi ya kai 60. Idan kwanson asali ya yi wuya, abin da aka saba shi ne a ɗauki na .30-06, mai tsawon kimanin milimita 63 da gindi kusan iri ɗaya, a buɗa bakinsa, a mayar da kafaɗarsa baya a mazubi, a yanke abin da ya yi saura, a gasa wuyansa don tagullar ta yi laushi kada ta tsage. Aiki ne mai yiwuwa, kuma an daɗe ana yinsa. Sai dai kwanson da aka samu ta wannan hanya ba lallai ba ne cikinsa ya ɗauki abin da na asali ke ɗauka, musamman idan na soja ne mai kaurin bango, kuma albarushi iri ɗaya a wuri mafi ƙunci yana ba da matsi mafi yawa. Kaurin wuyansa ma yana iya bambanta, wanda ya mayar da mu ga batun wuyan ɗaki. Tsofaffin kwansunan Turai kuma suna da tasu matsalar, domin da yawansu suna ɗauke da ƙyastu irin ta Berdan, mai ƙananan huda biyu a gefe, wadda ba ta fita da tsinken mazubi kamar irin ta Boxer, wasu kuma an harba su da ƙyastu mai gishirin da ke jawo tsatsa. Akwai kuma wani haɗari da ba a cika ambata ba: harsashin da aka ƙera daga kwanson .30-06 yana ci gaba da ɗauke da wannan suna a gindinsa alhali ƙwayarsa ta milimita takwas ce. Julian Hatcher, janar ɗin sashen makamai na sojan Amurka, ya rubuta a littafinsa na 1947 yadda harsashin Jamus mai milimita takwas ya farfasa wasu bindigogin Springfield da aka sa musu shi bisa kuskure. Wanda ya ɗura irin wannan harsashi ya bar shi a kwali babu rubutu ya kafa wa magajinsa tarko.

Amsa ga masu suka

Suka ta farko, wadda ta fi kowace nauyi, ita ce cewa aikin da ke da tarkuna masu yawa haka bai kamata a bar shi a hannun kowa ba, a bar wa masana'anta. Ina ganin rabin wannan magana gaskiya ne. Bai kamata a bar shi ga kowa ba, amma barin sa ga masana'anta yana nufin barin sa ya mutu, tunda masana'anta ta riga ta juya masa baya. Jamus ta nuna cewa akwai hanya ta uku. A can ba a sayar wa mutum albarushin ɗuri sai yana da izini a ƙarƙashin sashe na 27 na dokar abubuwa masu fashewa, kuma ba a ba da izinin sai ya halarci kwas, ya ci jarrabawa, an binciki amincinsa, ya kuma nuna buƙatarsa. Izinin na amfanin kai ne, ba na kasuwanci ba, kuma yana da wa'adin sabuntawa. Bayan haka akwai cibiyar gwajin makaman farauta da wasanni ta DEVA da ke Altenbeken, wadda ke wallafa littafin ɗuri na abubuwan da ta gwada da kanta, kuma ita da gidajen gwaji na gwamnati suna karɓar harsasan da mutum ya ɗura a gida su auna masa matsinsu a kan kuɗi. Wannan tsari yana mayar da mai ɗurin hannu cikin inuwar da ya fita daga cikinta. Ga harsashi irin 8×60 S, wanda bayanansa a littattafan kamfanonin albarushi kaɗan ne, wasu kuma tsofaffi ne na albarushin da aka daina yi, aika harsasai kaɗan a auna su ya kamata ya zama matakin ƙarshe na aikin a kowane lokaci.

Suka ta biyu daga cikin masu ɗurin kansu take fitowa. Gogaggu daga cikinsu sukan ce ba sa buƙatar gidan gwaji, suna karanta matsi a jikin kwanso: ƙyastu ta baje, sakata ta yi tauri wajen buɗewa, gindin kwanso ya yi sheƙi. Wasu kuma sun dogara da manhajojin kwamfuta irin QuickLOAD da ke lissafa matsi daga nauyin ƙwaya da girman kwanso. Maharbinmu mai bindigar toka yana iya auna baƙin albarushi da ido ko da 'yar ƙaho ya kwana lafiya shekara da shekaru, domin irin wannan albarushi yana da sassauci, matsinsa ba ya tsalle da ɗan ƙari. Marar hayaƙi ba haka yake ba. Yawan matsi yana ƙara masa saurin ci, saurin ci yana ƙara matsi, don haka kusa da iyaka ɗan ƙarin da bai taka kara ya karya ba yana haifar da hawan da ya ninka shi. Alamomin da ake karantawa a kwanso kuwa alamomin gazawar tagulla ne, kuma tagulla mai tauri takan yi shiru har sai an riga an wuce iyakar da hukuma ta sa. Bajewar ƙyastu tana iya zuwa daga rata mai yawa a ɗaki ko da matsi bai kai ko'ina ba, tana kuma iya ƙin zuwa alhali ya wuce. Tsohuwar Mauser 98 da aka yi da ƙarfe mai taushin ciki da taurin fata ba ta cika fashewa nan take ba. Abin da ke faruwa shi ne mazaunin haƙoran sakata yana lotsawa a hankali, rata tana ƙaruwa, har ranar da kwanso zai tsinke da ɗurin da aka saba harbawa. Manhaja kuwa kintace take yi bisa samfurin albarushin da aka taɓa aunawa, ba ta san gwangwanin albarushin da ke kan teburin mutum ba, ba ta san lalacewar maƙogwaron bututunsa ba. Tana da amfani wajen kawar da zaɓin da bai dace ba tun daga nesa, amma ba ta zama shaida.

Abin da ya sa wannan gardama take da zafi shi ne sha'awar kaiwa iyaka, kuma lissafi mai sauƙi yana nuna cewa mafarauci ba ya buƙatar iyakar. Sashe na 19 na dokar farauta ta tarayyar Jamus ya shardanta cewa harsashin da za a harbi manyan dabbobi masu kofato da shi, kamar jar barewa da aladen daji, kada kaurinsa ya gaza milimita 6.5, kuma ƙarfinsa a nisan mita 100 kada ya gaza jul 2,000. Ƙwayar 8×60 S mai giram 12.7 da ta bar bututu a gudun mita 800 a daƙiƙa tana ɗauke da jul sama da 4,000. Idan aka rage gudun da kashi goma cikin ɗari ya koma 720, har yanzu tana fita da kusan jul 3,300, kuma abin da iska za ta ci a mita ɗari ba zai sauke ta kusa da 2,000 ba. A dazuzzukan tsakiyar Turai, inda yawancin harbi ke faruwa a ƙasa da mita 150, dabba ba za ta san bambanci ba, amma ƙarfen bindiga mai shekara tamanin zai sani. Wannan ba izini ba ne na rage albarushi yadda aka ga dama, domin littattafan ɗuri suna gargaɗi a kan sauka ƙasa da mafi ƙarancin awon da suka bayar, musamman da albarushi mai jinkirin ci. Tsakanin ƙasa da sama akwai fili isasshe, kuma a cikinsa ne aikin hankali yake.

Suka ta uku ta tattalin arziki ce: me zai sa mutum ya sha wannan wahala alhali yana iya sauya bututu ko ya sayi sabuwar bindiga mai cin .308? Ba na jayayya cewa ɗurin hannu na irin wannan harsashi yana da arha. Mazubinsa sai an yi oda, kayan awo suna da kuɗi, kuma mafarauci da ke harba kwali biyu a shekara zai daɗe bai mayar da jarinsa ba. Amma bindigar Oberndorf ko ta Suhl da aka sauya wa bututu ta rasa lambobinta masu dacewa da juna, da tambarin gwajinta na asali, da aikin hannun da ba a yin irinsa yanzu sai da kuɗi mai yawa. Ita kanta shaida ce ta yadda wata yarjejeniyar siyasa ta shiga har cikin ɗakin harsashi ta sauya shi da milimita uku. Wanda ba ya ganin darajar wannan yana da 'yancin sayen sabuwa, babu laifi a kansa. Wanda yake gani kuwa bai kamata a ce masa zaɓinsa shi ne ya rataye ta a bango ko ya lalata ta ba.

Akwai kuma masu fargabar cewa koya wa mutane ɗura harsashi buɗe ƙofar ɓarna ce. Wannan fargaba tana da muhalli a duk inda hukuma ba ta iya bin sawun albarushi, kuma ba na neman a ɗauki tsarin wata ƙasa a dasa a inda babu cibiyoyin da ke riƙe da shi. A inda suke kuwa, mai ɗurin hannu ya fi mai sayen kwali bayyana ga hukuma, tunda sunansa yana rubuce, kuma albarushin da ya saya yana shiga takardar izininsa.

Abin da ke tafe

Ƙalubalen da ya fi kusa yanzu daga dalma yake zuwa. Tarayyar Turai ta hana harbi da ƙwayoyin dalma na bindigar tsuntsaye a fadamu tun Fabrairun 2023, Denmak ta hana dalma a harsashin farauta na bindiga mai zane daga Afrilun 2024, wasu jihohin Jamus ma sun riga sun yi irin wannan doka. Dalilansu masu ƙarfi ne, domin ɓarɓashin dalma yana saura a naman da mutane ke ci, yana kuma kashe gaggafa da sauran tsuntsayen da ke cin kayan cikin da aka bari a daji. Jan ƙarfe da ke maye gurbinta bai kai ta nauyi ba, kimanin giram 8.9 ne a wurin da dalma ke da 11.3, don haka ƙwaya mai nauyi iri ɗaya ta fi tsawo. Tsawon nan ko dai ya cinye wurin albarushi a cikin kwanso, ko ya kusanto da ƙwayar ga farkon zanen bututu, kuma dukansu biyu suna taɓa matsi. Ƙwayar jan ƙarfe ba ta matsewa cikin sauƙi kamar mai cikin dalma, wanda ke nufin kuskuren kashi 12 cikin ɗari na milimita da tsohuwar ƙwaya za ta iya haɗiyewa, sabuwa ba lallai ta haɗiye shi ba. Tana kuma buƙatar isasshen gudu kafin ta buɗe a jikin dabba, abin da ke rage filin da na ambata tsakanin ƙasa da sama.

Masana'antu za su yi harsasai marasa dalma ga 8×57 IS da .308 domin akwai kasuwa, kuma sun riga sun yi. Da wuya su ɓata lokaci a kan 8×60 S, balle ɗan'uwansa matsattse, wanda ƙwayarsa ta milimita 8.08 sai dai a samu wajen ƙananan maƙera masu fiƙe jan ƙarfe a injin juyi. Duk tsofaffin bayanan ɗuri na waɗannan harsasai an gwada su ne da ƙwayar dalma, ba a ɗaukar su a ɗora wa jan ƙarfe. Aikin da ke gaban cibiyoyi irin DEVA da kamfanonin albarushi irin Vihtavuori da Norma shi ne su ware bututun gwaji na harsasai huɗun nan na 8×60, su auna su da ƙwayoyin jan ƙarfe da ake da su a kasuwa, su wallafa sakamakon tare da girman cikin kwanson da suka yi amfani da shi da kuma tsawon harsashin da suka gwada, domin mai ɗuri ya iya kwatanta nasa da nasu kafin ya zuba albarushi.